Neman shawara: shakazoban baya na tsohon CG125 ɗin mahaifinmu

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, ya sanyi? Shawara nake nema wajen masana. Akwai tsohon babur Honda CG125 na mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, da ya fi shekara 10 a jingine a soro. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mota ta fara fin ƙarfina, na lallaɓa na lallaɓa, a ƙarshe dai na rufe ta da tamfol na fito da babur ɗin. An wanke tanki, an sa sabon fulogi da batir da tayoyi, inji ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Matsalar a baya take. Kullum daga Ɗorayi nake fitowa zuwa wajen aiki a Bompai, kuma duk wanda ya san layukan cikin Ɗorayi bayan damina ya san me nake nufi. In na faɗa rami sai in ji "ƙum" har tsakiyar kaina. In na haye tudun rage gudu sai bayan ya yi ta lilo sau uku sau huɗu kafin ya natsu. Shakazoban hagu ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa.

Jiya na shiga kasuwa. Shago uku, magana uku. Na farko ya ce in sa na Boxer, ya fi ƙarfi. Na biyu ya ɗauko wani da aka rubuta CG a jikin kwalinsa ya ce shi ne daidai. Na uku ya nuna min wani ja mai ƙaramar kwalba a gefe, wai mai gas ne. Na dawo gida ban sayi ko ɗaya ba. Wanne zan ɗauka?

Garba Dawanau: Wa alaikumus salam. Malam kar ka wahalar da kanka, sa na Boxer ka huta. Ni buhu biyu nake ɗaurawa a kariya daga Dawanau zuwa cikin gari, ko gezau ba ya yi.

Khalifa: Yaya ka ɗauki mai kwalbar nan wallahi. Shi ake yayi. Babur ɗin zai tashi daga na tsofaffi ya koma na matasa.

Malam Lawal Bazazzagi: Bakano ke nan. Ya zaga shago uku, ya sha ruwan kowa, ya dawo da kuɗinsa a aljihu. Da a Zariya ne da tuni an ɗaura an wuce wajen.

Abban Hanifa: Malam Lawal ai shi ya sa baburanku suke tafiya a karkace. Ka bari manya su yi magana.

Nura mai kayan babur: Ni sana'ata ce, a Fagge nake, kuma ba zan ɓoye muku ba: abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne. Baburan Caina da yawa injin CG aka kwaikwaya aka sa musu, to duk kayan da aka yi dominsu sai a buga masa CG. Inji iri ɗaya ne, amma gangar jikin ba ɗaya ba ce. Na sha buɗe kwali biyu masu suna ɗaya in tarar wani ya fi wani tsawo. Alhaji ka kwance tsohon ka zo da shi a hannu, a jera su a kan benci. Gani ya kori ji.

Injiniya Bashir: Nura ya faɗi rabin maganar. Bari in ƙara, ku yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Abin da muke kira shakazoba abu biyu ne a haɗe, kuma aikinsu daban. Akwai sifirin ɗin da ke nannaɗe a waje, shi ne yake ɗaukar nauyi. Akwai kuma bututun da ke ciki mai ɗauke da mai, da sandar ƙarfe mai ƙyalli da ke shiga tana fita. A ƙarshen sandar akwai fistin mai ƙananan ƙofofi, man yana matsewa ta cikinsu, wannan matsewar ce take hana sifirin ya yi ta tsalle. Lilon nan da Abban Hanifa yake ji sau uku sau huɗu, ba laifin sifirin ba ne, mai ne ya tsiyaye, babu mai riƙe shi. Shi kuma "ƙum" ɗin, shakazoba ne yake nitsewa har ƙarshensa ƙarfe ya daki ƙarfe, ko kuma taya ce take dukan murfinta. Wannan na biyun ina so a bincika.

Awo na farko shi ne tsawo daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa, wato ramukan nan biyu da ake ɗaure shi da su a jikin babur, ba daga baki zuwa baki ba. Kuma ba a aunawa babur yana tsaye a kan tayarsa, domin nauyinsa ya riga ya danne shi. A kafe shi a babbar ƙafa tayar baya ta tashi daga ƙasa, ko a kwance shi gaba ɗaya a auna a hannu. A kasuwa da milimita ake lissafi: 290, 310, 320, 340. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ga wanda tef ɗinsa na inci ne.

Na biyu, a duba bakinsa. Wani ido ne sama da ƙasa, wani kuma ƙasansa a rabe yake kamar gwafa. Na uku, faɗin ramin idon, yawanci milimita 10 ne ko 12, da kuma kaurin idon, don ya zauna a mazauninsa ba tare da an buga shi da guduma ba. Na huɗu, faɗin sifirin ɗin kansa. In ya yi ƙiba zai riƙa gogar murfin sarƙa ta hagu ko salansa ta dama.

Garba Dawanau: Injiniya duk wannan lissafin a kan shakazoba? Mu in ido bai shiga ba mai walda muke kai wa, minti biyar ya gama.

Injiniya Bashir: Malam Garba in aka kai wuta jikin bututun, sil ɗin roba da ke riƙe da mai ya ƙone ke nan, ka sayi sabo ka kashe shi a ranar. In kuma mai gas ne na gaske, iskar nitirojin ce a matse a ciki, kai masa wuta ganganci ne da rai. Idan ramin ido ya yi faɗi, ƙaramin bututun ƙarfe ake sawa a cikin bushin, wato robar da ke cikin idon, a rage shi. Sababbi da yawa ma da irin waɗannan bututun suke zuwa a leda.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Salamu alaikum. Baba ne yake faɗa ni nake rubutawa, yana ƙarƙashin wani babur hannunsa duk baƙin mai. Ya ce a gaida Abban Hanifa, ya ce ya san irin babur ɗin nan tun yana yaron shago, ya ce in dai ana zuba masa baƙin mai a kan lokaci sai dai mutum ya gaji ya bar shi. Ya ce kafin a zargi shakazoba kaɗai a yi abu uku. A kafe babur a babbar ƙafa, a kama tayar baya a girgiza ta hagu da dama. In ta yi motsi, ko boris ne ko bushin ɗin ƙarfen da ke riƙe da tayar, kuma ko shakazoban zinare aka sa babur zai ci gaba da rawa a kwana. A bi sifok ɗaya bayan ɗaya a ƙwanƙwasa da sifana, wanda ya saki za a ji muryarsa ta mutu. Sannan a leƙa cikin murfin tayar baya da fitilar waya a gani ko akwai inda taya ta goge.

Ya ce kuma ba a canza guda ɗaya. Ko da na dama bai zubar da mai ba, tare suka tsufa, tare za su tafi.

Maman Sadiq: Ni ba na tuƙi amma ni ce ta baya, don haka ina da ta cewa. Maigidana ya bi irin shawarar Malam Garba ya sa mai tauri. Ranar da muka je suna Rijiyar Lemo muka dawo, kwana biyu ina shafa man zafi a ƙugu. Don Allah in kuna zaɓe ku riƙa tunawa da wanda ake goyawa.

Garba Dawanau: Hajiya a yi haƙuri, buhun masara ba ya ƙorafi, shi ya sa ban sani ba.

Injiniya Bashir: Maganar Maman Sadiq ita ce amsar Malam Garba. Shakazoban Boxer ba shi da laifi a kan Boxer. Bajaj sun yi shi ne don aikin kaya da hanyar karkara, wasu ma sifirin biyu ne, ƙarami a cikin babba, suna kiransa SNS. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a 2013 baburan da yawa suka koma dakon kaya, shi ya sa 'yan kasuwa suka saba duk wanda ya zo sai a miƙa masa mai tauri. Amma mutum ɗaya mai jakar takardu a kan CG, sifirin mai tauri ba zai ma motsa ba. Duk dukan da ya kamata ya sha, bayanka ne zai sha, kuma taya za ta riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa a kan gargada. Tayar da ba ta taka ƙasa ba kuwa birki ba ya kama ta.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai. Baba Isyaku Allah Ya ƙara girma. Na dawo daga masallaci na yi duk abin da aka ce. Taya ba ta motsi gefe, sifok biyu ne suka saki. Na ari tef ɗin ɗinkin uwargida na auna, daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido santimita 29 ne cif, wato 290. Ido ne sama da ƙasa. Na sama 12, na ƙasa 10. Amma cikin murfin tayar akwai wani dogon layi da ya goge har ƙarfe ya yi fari, sabo da tsoho. To gobe in Allah Ya kai mu sai in je in nemi 290 ko?

Nura mai kayan babur: Akwai 290, ba shi da wahalar samu. Ka zo da safe kafin kasuwa ta cika.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Baba ya ce a dakata! Ya ce kar a saya. Ya ce a tambaye ka, da ka kafe shi a babbar ƙafa, yatsu nawa ne suke shiga tsakanin taya da ƙasa?

Abban Hanifa: Yatsuna huɗu sun shiga har da saura.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Ya yi dariya ya ce dama ya zata. Ya ce wannan shakazoban ba shi ne wanda babur ɗin ya zo da shi ba, wani ya taɓa canza shi da gajere. Ya ce wanda yake daidai, yatsa ɗaya ko biyu ne suke shiga. Gajarta ce ta sa taya ta matso kusa da murfinta, shi ya sa take gogarsa, kuma layin da ka gani tsoho ya nuna tun zamanin mai babur ɗin ake wannan gugar. In ka sayi 290 sabo, lilo zai daina amma "ƙum" ɗin yana nan ranar da ka goya wani.

Malam Lawal Bazazzagi: Allahu Akbar. Da tsohuwar zuma ake magani. Injiniya da milimitocinsa bai gano wannan ba.

Injiniya Bashir: Na sallama wa Baba. Na ce a duba gugar taya amma ban kawo cewa tsohon ma baƙo ne ba. Wannan ya rushe shawarar "kai tsohon kasuwa a ba ka irinsa", aƙalla a kan wannan babur ɗin.

Nura mai kayan babur: Bai rushe ta duka ba Injiniya. Ido da kauri da faɗi duk daga tsohon za a gani. Tsawo ne kawai za a nemo a wani wajen.

Yaya Auwalu: Salam. Ni ne wan Abban Hanifa, yanzu ya turo min in karanta. Maganar Baba Isyaku gaskiya ce, ina tunawa. Mahaifinmu ba dogo ba ne, kuma da girma ya zo masa gwiwa ta fara damunsa, in ya tsaya a danja da ƙyar yake kafa ƙafa. Ni na raka shi aka sa masa gajeru, ina aji uku a sakandare. Na asalin har an ajiye su a saman rumfar kicin, daga baya masu sayen gwangwan suka tafi da su. Kai kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna ba.

Abban Hanifa: Ikon Allah. Yaya wallahi ban taɓa sani ba. Allah Ya ji ƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Maman Sadiq: Amin ya Allah.

Garba Dawanau: Amin. To tunda gajere ne matsalar, ai magana ta dawo kaina. A sa dogo, 340, babur ya ɗaga sama ya daina taɓa komai. Damina ma in ta zo ruwa ba zai kai salansa ba.

Injiniya Bashir: Malam Garba ba ka gajiya. Daga 290 zuwa 340 santimita 5 ne, kuma a irin wannan babur da shakazoba yake zaune kusa da gindin taya, kusan duk abin da ka ƙara a tsawo shi ne bayan zai ɗaga, har ma ya ɗan fi. Ga abin da zai biyo baya. Gaba zai sunkuya, kan babur ya yi saurin juyawa, ya rage natsuwa in ana gudu a titi irin na Zariya. Babbar ƙafa ba za ta ƙara ɗaga tayar baya ba, ranar da ka yi faci sai ka nemi bulo. Birkin baya na wannan babur da sandar ƙarfe yake aiki, in kusurwar ta canza sai an sake saita shi, in ba haka ba ko ya riƙa kamawa da kansa ko ya yi nisa.

Mafi muni ita ce sarƙa. Sarƙa ta fi ɗaurewa a lokacin da ƙaramin faifan haƙora na gaba, da mahaɗar ƙarfen da ke riƙe da taya, da tsakiyar tayar suka miƙe a layi ɗaya. In shakazoba ya yi tsawo, taya tana sauka ƙasa sosai, sarƙa ta yi sako-sako a tsaye. Sai yaron shago ya gani ya ɗaure ta tam. Kana hawa ka faɗa rami, ƙarfen ya miƙe, sarƙa ta ja fiye da ƙima. Haka ake cinye haƙora da boris ɗin giya, wani lokacin ta tsinke a tsakiyar titi. Bambancin santimita ɗaya babur zai haƙura. Biyar gyaran gangar auzinawa ne.

Khalifa: To ni har yanzu ba wanda ya yi maganar mai kwalba. Nawa wata huɗu ke nan lafiya ƙalau.

Nura mai kayan babur: Ƙanina akwai na gaske akwai na ado. Na gaske, kwalbar tana da hanya zuwa cikin bututun, akwai gas da mai a ciki da abin da ya raba su, amfaninta kada mai ya yi kumfa in ya yi zafi. Kamfanoni irin su YSS na Tailan suna yin irinsa, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Na ado kuwa gwangwani ne aka ɗaura da noti, ba komai a ciki. In ka ga mai kwalba farashinsa ɗaya da marar kwalba, ka san amsar. Araha ba ta ado. Ni ina sayar da shi don samari suna tambaya, amma ina gaya wa mutum abin da ya saya.

Khalifa: Oga Nura nawa na gaske ne. Mai shagon har rantsuwa ya yi.

Nura mai kayan babur: Ƙwanƙwasa shi da makulli ka ji. Kuma in ka yi tafiya mai nisa a gargada ka taɓa bututun ka taɓa kwalbar. Na gaske tare suke ɗumi.

Abban Hanifa: To yanzu ta ina zan san tsawon na asali tunda masu gwangwan sun riga ni?

Injiniya Bashir: Kar ka karɓi lamba daga bakin kowa, har ni. Honda sun fara CG125 tun tsakiyar shekarun 1970, an yi shi a Japan, an yi a Burazil, an yi a Pakistan, kuma an yi ta sauye-sauye a tsawon shekarun. Hanya mafi sauƙi ka sami ɗan'uwansa na zamani ɗaya da ba a taɓa ba ka auna. In babu, babur ɗin da kansa zai gaya maka. Kafe shi a babbar ƙafa a kan siminti, kwance shakazoba biyun. Sa katako mai kaurin kamar santimita 2 a ƙarƙashin taya ta zauna a kai, ka auna daga mazaunin sama zuwa na ƙasa. Wannan shi ne kusan tsawon da kake nema. Sannan wani ya ɗaga tayar sama har ta taɓa murfinta, ka sake aunawa. Wannan awon na biyu iyaka ce: sabon shakazoban in ya nitse har ƙarshe dole tsawonsa ya fi wannan, in ba haka ba guga ba ta ƙare ba. Za ka san iyakar nitsewarsa in ka auna sandar da ke bayyane zuwa robar da ke tare ta, ka debe daga tsawon duka. Sai dai ka duba babbar ƙafar, in ta lanƙwashe ko gindinta ya cinye awon farko zai yi maka ƙarya.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Baba ya ce a bar wahala. Ya ce akwai gawar na asali guda ɗaya a rataye a ƙusa a cikin shago, na irin wannan babur ɗin, mai murfin ƙarfe a samansa, ya fi ni shekaru. Yanzu ya sa na sauko da shi na goge na auna, santimita 31 ne. Ya ce amma a yi awon Injiniya ma, in sun haɗu shi ke nan.

Ya ƙara da cewa a lura da murfin nan. Ya ce na da suna rufe sandar ne don ƙura. Na yanzu tsirara suke, ƙurar hunturu ta hau sandar ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, tana shiga tana fita har ta yanke sil. Ya ce in an sami mai murfi a ɗauka, in ba a samu ba a riƙa goge sandar da tsumma duk ranar wanki.

Garba Dawanau: Baba ya batun ɗura mai? Akwai masu huda shi su zuba sabon mai su toshe. Ba sai an sayi sabo ba.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Ya ce ya yi wannan aikin har ya gaji. Ya ce in sandar lafiya take sumul, yana ɗan kai mutum. In ta yi tsatsa ko ƙyallinta ya ɓare, ko sau goma ka ɗura zai zubar, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya ce babur ɗin da ya shekara 10 a soro kuwa ba sai an duba ba. Kuma ya ce kar wanda ya ce zai cire sifirin da sukundireba a gida, yana da tabo a haɓa da zai nuna wa mai gardama.

Abban Hanifa: Na yi awon da daddare, Hanifa ce ta riƙe min fitila. Da katako a ƙasa ya ba ni 31 da ɗigo kaɗan. Da muka ɗaga taya ta taɓa murfi, 22 da rabi. Ke nan 310 zan nema. Saura yadda zan gane mai kyau a cikin shago, tunda duk a kwali suke ƙyalli.

Nura mai kayan babur: Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba waldar ido, ka duba robar bushin ko mai tauri ce ko irin ta silifa. Ka jera biyun ka tabbatar tsawonsu ɗaya, ina gaya maka ana samun bambanci a kwali guda. Akwai kuma na gwanjo da ake cirowa daga baburan waje, wani lokacin ka dace da Showa ko KYB, su ne suke yi wa manyan kamfanonin Japan. In sandar ba tabo kuma ba ya gumi, tsohonsu ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma sa'a ce, kuma samun biyu masu lafiya ɗaya shi ne aikin.

Injiniya Bashir: Nauyi alama ce, ba hujja ba. Gwajin gaske shi ne na mai. Tsayar da shi yadda zai zauna a babur, ka danna da nauyin jikinka sau biyar ko shida tukuna, domin ya daɗe a kwance iska ta gauraya da mai. Sannan ka danna ka saki. Mai kyau yana dawowa a natse, marar kyau yana harbowa kamar ɗanko har ka ji ƙara a ƙarshe. In akwai wanda aka cire wa sifirin a shagon ka ja sandar da hannu: jawowa waje ya kamata ya fi turawa ciki wuya sosai. Kuma ka nemi sifirin da zobbansa suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗayan. Irin wannan yana da laushi a farko, ya yi tauri in nauyi ya ƙaru, ya dace da mai tafiya shi kaɗai yau, gobe da iyali.

Zoben nan mai hawa-hawa da ke gindin sifirin, yawanci hawa biyar, mutane suna cewa yana ƙara tauri. Abin da yake yi shi ne ɗaga bayan babur ya koma inda ya kamata in an ɗora nauyi. Ga yadda ake saita shi: in ka hau ka zauna, shakazoba ya nitse kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tafiyarsa. In tafiyar santimita 7 ce, kamar 2 ke nan. Kuma hagu da dama su kasance a hawa ɗaya.

Sabi'u yaron Baba Isyaku: Baba ya ce wajen ɗaurawa kar a ƙulle noti babur yana sama. A sa su sako-sako, a sauke shi a kan tayarsa, mutum ya hau, sannan a ɗaure. In ba haka ba robar bushin tana murɗewa ta yage da wuri. Kuma kar a juya shi kai ƙasa don ya fi kyau a ido, irin wannan mai man in aka kifa shi iska yake ja maimakon mai.

Malam Lawal Bazazzagi: Kwana uku ana muhawara a kan ƙarfe biyu. Abban Hanifa in ka gama ka zo Zariya da shi mu gani ko zai kai Kwanar Dangora.

Abban Hanifa: Jama'a ga rahoto. Ranar Asabar na samo 310, baƙi, marar kwalba, sifirin mai matsattsun zobba a gefe ɗaya. Mai murfi bai samu ba. Na sa an fito da kwali uku kafin na sami biyun da suke dawowa a natse iri ɗaya, mai shagon har ya fara tsuke fuska. Idon ƙasa 12 ne, aka sa ƙaramin bututun da ya zo a leda ya koma 10. Tafiyar sandar 7 ce, ke nan in ya nitse duka 24 ne, ya fi 22 da rabin da muka auna. Na kai wa Baba Isyaku ya ɗaura da hannunsa, ya ɗaure sifok, ya sake saita sarƙa da birki ina zaune a kai. A hawa na biyu muka bar shi. Ya ƙi karɓar kuɗin aiki, wai albarkacin mai babur ɗin, da ƙyar na sa Sabi'u ya karɓi na shayi.

Yau na bi hanyar da na saba. Tudun rage gudu sau ɗaya yake sauka ya tsaya. Jiya na goya Yaya Auwalu zuwa gaisuwa a Gwammaja, na ƙara hawa ɗaya, ba guga ko kaɗan. Abu ɗaya ne: yanzu in na tsaya a danja sai na ɗan miƙe ƙafa kafin ta kai ƙasa. Ashe tsawon Baba na gado. Gajerun na wanke su na ajiye a ɗaki, ba mai gwangwan da zai gan su.

Maman Sadiq: Ma sha Allah. Na nuna wa Baban Sadiq duk maganar nan, ya ce zai duba. Wata uku ke nan yana cewa zai duba.

Garba Dawanau: Allah Ya sanya alheri. Ni dai ina nan a kan nawa.

Khalifa: Oga Nura na dawo daga Wudil yanzu, na taɓa. Bututun da zafi, kwalbar sanyi ƙalau. Na kwance notin, ba komai a ciki sai tsatsa. Gobe kana shago?

Nura mai kayan babur: Ina nan daga ƙarfe 9. Ka zo da tef.